Masu Neman Tayar da Ba a Ƙera Ba

Duk inda masu keken tsauni suka taru, ko a gindin duwatsun Shere a Jos, ko a bayan garin Abuja, ko can Kolorado ta Amurka inda abin ya yi ƙamari, akwai tambayar da ba ta tsufa. Wani zai jingine kekensa mai manyan ƙafafu, irin wanda ake kira 29, ya tsuguna ya latsa tayar wani da babban yatsa, ya ce, "Malam, wai wace taya ce take kama ƙasa sosai kuma take gudu?" Shi ke nan, hawan keken safiyar ya ƙare. Saura surutu.

Bahaushe ya amsa wannan tambaya tun kafin a ƙera keke: ba a haɗa gudu da susar takashi. Robar da take kama dutse mai laushi ce, tana lotsawa ta rungumi tsakuwa, ba ta saurin komawa yadda take, a cikin wannan jinkiri kuwa take cinye ƙarfin ƙafar mahayi ta mayar da shi zafi. Robar da take gudu mai tauri ce, taɓa ƙasa take ta wuce, ranar da ta hau jiƙaƙƙen dutse sai ta wuce ta bar ka a kwance. Haƙoran taya ma haka suke. Dogaye masu tazara suna nutsewa cikin laka su riƙe, amma a busasshiyar hanya lanƙwashewa suke yi suna jan mutum baya. Gajeru na kusa da juna suna mirginawa salin-alin, har sai an zo kwana. Kamfanonin taya ba su ɓoye wa kowa ba. Maxxis na Taiwan ya kasa robarsa kashi-kashi, MaxxSpeed, MaxxTerra, MaxxGrip, kowa ya ɗauki wadda zai iya da halinta. Schwalbe na Jamus har layin fenti yake ja a kan taya don kada a yi gardama: ja na gudu, shuɗi na tsaka-tsaki, ruwan lemo mai laushi, shunayya mai laushin gaske. Da akwai guda mai yin duka, da tuni sun huta da sayen fenti kala huɗu.

Amma ɗan Adam ba ya jin bari. Kowa da hanyar da yake bi ya zille wa wannan gaskiya, kuma a wajen zillewar ne hali yake fitowa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sikeli. Ba ya sayen taya sai ya aza ta a kan sikelin da uwargida take auna fulawa. In kwali ya ce gram 650, sikeli ya nuna 671, ranar ba zai ci abinci cikin natsuwa ba. Yakan sa yaron shago ya sauko da tayoyi shida iri ɗaya, ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki wadda ta fi sauƙi da gram goma sha biyu, ya fita yana baza murmushi. Yana da hujja kuwa. Nauyin da yake bakin ƙafa yana juyawa ya fi wanda yake jikin keke cin ƙarfi wajen tashi, ƙafar 29 kuma dama ta fi ƙanana nawar tashi. Abin da ba ya son a tambaya shi ne inda kamfani ya rage nauyin. A gefen taya ya rage shi, inda fata take sirancewa har kana ganin zare. Zaren nan ana ƙirga shi ne a kowane inci, 60 ko 120. Mai 120 siriri ne, da laushi, da daɗin gudu, dutse mai kaifi kuwa ba ya jin kunyarsa. Saboda haka mai sikeli ne za ka tarar a tsakiyar daji ya kifa keke, yana ninke naira hamsin ta leda yana cusawa cikin taya don ta tare yagar. Ka leƙa jakarsa ta baya: tib biyu, famfo, filaya, kayan faci, duk saboda ya san halin abin da ya saya. In ka auna jakar ta haura kilo guda. Akwai kuma ɗan tumbin da ya ajiye tun Sallar layya, amma wannan ba a yi masa maganarsa.

Can ɗaya gefen akwai sarkin haƙora, wanda kake jinsa kafin ka gan shi, don tayarsa gurnani take yi a kan kwalta. Ya ɗaura Maxxis Assegai gaba da baya, mai robar da ta fi kowace laushi, mai fata ninki biyu, kowace guda wajen gram 1,300 ko fiye. Taya ce ta kirki, babu musu. An tsara ta ne tare da Greg Minnaar, mutumin Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, wanda ya zama zakaran duniya sau huɗu a tseren gangarowa daga tsauni, na ƙarshe a 2021 yana da shekara 39. Sai dai akwai abin da sarkin haƙora bai lura da shi ba game da wannan tsere: ba a hawa da ƙafa. Mota ko lilon waya ne yake kai mutum ƙololuwa, shi aikinsa kawai ya gangaro cikin 'yan mintoci bai karya wuya ba. Mutuminmu kuwa babu mai kai shi ko'ina. Hanyarsa burji ce shimfiɗaɗɗiya daga gida zuwa teburin mai shayi, da ɗan tudu guda wanda ko akuya ba ta ɗauke shi tudu ba.

Shi ne na ƙarshen isowa kullum, riga sharkaf, yana haki. Da numfashi ya dawo sai ya ce, "Amma dai kun ga yadda take kama ƙasa?"

A ce, "Mun gani, Alhaji. Ta kama har ta ƙi saki."

Ba ya jin haushi. Shi ya gina rayuwarsa ne a kan wata rana mai zuwa, ranar da za a iske gangare mai duwatsu da saiwoyi ana tafka ruwa, kowa ya zube shi ya wuce. Kafin zuwan ranar, kwalta tana ta cin haƙoran nan masu tsada, don roba mai laushi ba ta da tsawon rai. Bayan 'yan watanni ya koma ya sayo irinta.

Mai famfo shi gadon abin ya yi. Ya tashi ne a gidan da ake ɗora buhun masara a bayan Raleigh ko Phoenix, inda taya mai kyau ita ce wadda in ka ɗana ta da farce ta ce ƙau. A can ilimin daidai yake: siririyar taya, ga tib a ciki, ga kaya, in ba a cika iska ba rim zai cije tib. Amma sai ya kwaso ilimin ya kawo kan taya mai faɗin inci 2.4, ya tura ta wajen mai facin mota ya ce, "Oga, ba ta arba'in da biyar." Ka ga keke yana tsalle a kan kowace tsakuwa, haƙoran mahayi suna kaɗawa, shi kuwa yana ce maka gudu ne. Jijjiga yake ji, ya sa mata suna gudu. A hanya mai gargada, taya mai tauri duk ɗan dutsen da ta tarar sai ta ɗaga keke da mahayi sama kafin ta ƙetare, kuma ƙafarka ce take biyan kuɗin ɗagawar. Mai sassauci lotsawa take ta haɗiye dutsen, keke ya ci gaba a miƙe. Shi ya sa yawancin masu hawan daji a kan 29 marar tib suke zama tsakanin 20 da 28 a geji, gwargwadon nauyin mutum da irin ƙasar, ta gaba ƙasa da ta baya kaɗan. Abin takaicin, a duk wannan harka nan ne kaɗai wurin da ake samun kamun ƙasa da gudu a tare, kuma kyauta, in da zai yarda ya danna bawul ya saki iska. Ba zai yarda ba. Kakansa bai yi haka ba.

Yana da ƙane wanda ya ji wannan bayani ya wuce gona da iri. Shi geji na lantarki yake yawo da shi a aljihu, yana gardama a kan rabin awo, kullum ragewa yake yi. Sai ya sauko 15 a duwatsun Jos, taya tana lanƙwashewa a kwana tana gyatsar iska ta gefe, rim yana dukan dutse ƙwal. In rim ya lotse laifin kamfanin rim ne. Daga nan ya sayo soson da ake sawa cikin taya irin na CushCore, ya ƙara nauyin da ya sa mai sikeli ya daina gaisawa da shi.

Almajirin zakara ba ya wahalar da kansa da tunani. Ya ga abin da Nino Schurter yake hawa, shi ke nan. Schurter ɗan Suwizalan ne, ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya sau goma, kuma ya daɗe yana tsere a kan Maxxis Aspen, tayar da haƙoranta na tsakiya sai ka kusanto za ka gan su. Almajiri ya saya, ya ɗaura, ya fita da hunturu lokacin da sakakkiyar tsakuwa take kwance a kan marmara. Kwanar farko ta kai shi ƙasa. Abin da ba a sawa cikin kwali tare da tayar shi ne hannun Schurter. Tseren Schurter kuma wajen awa ɗaya da rabi ne kawai, a kan zagayen da ya san kowane dutsensa, ga makaniki a tsaye gefen hanya riƙe da wasu ƙafafun, tayar kuma ba da kuɗinsa ya saya ba. Almajiri yakan tashi ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Haka take, sai an saba." Gwiwar dai ba ta saba ba har yanzu.

Amininsa mai jadawali ne, wanda ya haddace wat nawa kowace taya take ci a ɗakin gwaji. A can akan danna taya a kan wata gangar ƙarfe mai juyawa a auna ƙarfin da take sha. Awon na gaskiya ne, yana kuma da amfani wajen kwatanta roba da roba. Amma ganga ba ta da kwana, ba ta da yashi, ba a taɓa yin ruwa a kanta ba. Mai jadawali zai gaya maka wannan ta fi waccan da wat uku. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da hawa, sai ya ce yana jiran ya kammala bincike.

Akwai kuma mai fatawa, wanda ba ka gama tambaya ya ba ka sunan taya. Bai tambayi inda kake hawa ba, yashi ne ko dutse, damina ko rani, nauyinka nawa, faɗin rim ɗinka nawa, ko ma firam ɗin kekenka zai ɗauki inci 2.6 ba ta goge shi ba. Amsarsa kullum ita ce tayar da take kan kekensa a wannan wata. Watan jiya wata ce daban, kuma da irin wannan rantsuwar ya yabe ta.

Labarin da na fi jin daɗinsa na mai lissafin inci ne. Saurayi ne ya sami tayar 29 a hannun wani, ya ce bari ya gwangwaje tsohon baƙin keken mahaifinsa da ita. Lissafinsa mai sauƙi: keken Baba 28 ne, wannan 29 ce, ai sai dai ta yi masa yawa. Ya kai wa dattijon da yake gyaran keke a gindin bishiya. Dattijo ya sa ƙarfen ɓanɓare taya, ya shafa sabulu, ya kira yaronsa ya riƙe, ya taka da ƙafa. Taya ta ce ba ta san zancen ba. Ba yawa ta yi ba, kaɗan ta yi.

"Kai yaro, ka tabbata 29 aka ce maka?"

"Ga shi a rubuce, Baba."

Dattijo ya duba, ya sake dubawa, ya ajiye ƙarfe ya yanke hukunci: "Turawa ba su iya lissafi ba."

Ni dai ban ga laifin hukuncin ba. Rim ɗin tsohon baƙin keke, wanda ake kira 28, faɗinsa milimita 635 ne a inda taya take zama. Na 29 kuwa milimita 622 ne, daidai da na siririn keken tseren kwalta. Lambar 29 ba awon rim ba ce, ƙiyasi ne na faɗin ƙafar gaba ɗaya bayan an ɗaura mata taya mai kauri. Wato rim ɗin 29 ya gaza na 28 da milimita 13. Lambar da ba ta ƙarya tana nan a gefen kowace taya, ƙanana, inda ba a dubawa: 57-622 ko 60-622. Ta farko faɗin taya, ta biyu rim ɗin da take shiga. Ta 27.5 za ka ga 584, ta 26 kuma 559. Saurayin ya naɗe tayarsa ya tafi, ya bar dattijo yana ba duk mai wucewa labari har la'asar.

Da aka ambaci 26, dole a gaida tsohon hannu. Shi a wajensa duk zancen tayar 29 ɓata baki ne, don ita 29 ɗin yayi ce, za ta wuce. Ya fara hawa ne lokacin da kowane keken tsauni 26 ne, gadon waɗanda suka soma abin a gundumar Marin ta Kalifoniya cikin shekarun 1970. Da kamfanin WTB ya fitar da Nanoraptor a 1999, tayar daji ta farko mai kauri ta rim ɗin 622, ya ce wasa ne. Da Gary Fisher ya fara sayar da kekunan a farkon shekarun 2000, ya ce talla ce. Jaroslav Kulhavý na Jamhuriyar Cek ya ci zinariyar Olamfik ta Landan a 2012 a kan 29, ya ce ai dogon mutum ne. Minnaar ya ci tseren gangarowa na Fort William a Sikotilan a 2017 a kan 29, ya ce shi ma dogo ne. A yi masa adalci, ƙaramar ƙafa ta fi saurin tashi da saurin juyawa a matsattsiyar kwana. Amma babba ta fi haye rami da dutse, don ba ta faɗa musu a tsaye, kuma kasuwa ta riga ta bi ta. Yanzu tsohon hannu yana shan wahalar samun taya mai kyau a awonsa. Wannan ma hujja ce a wajensa: haɗa baki aka yi.

Mai wa'azin madara shi matsalarsa ita ce yana da gaskiya, ya kuma san yana da ita. Tun 1999 kamfanonin Faransa, Mavic da Michelin da Hutchinson, suka kawo tsarin tayar keken tsauni marar tib, daga baya aka saba zuba mata wani farin ruwan roba mai toshe huda da kansa. A ƙasar da tsidau ya shimfiɗu a hanya, ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna jira a gefe, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Ƙaya ta shiga, ruwan ya biyo iska ya daskare a ramin, mahayi bai ma sani ba. Ga shi kuma babu tib ɗin da rim zai cije, don haka ana iya rage iska. Duk wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tare mutum yana cin ƙosai a fara masa daga farko.

Wa'azin kuma yana tsallake wasu babuka. Ba ya faɗin daren da ya yi a falo yana dukan famfo, gumi yana zuba, taya ta ƙi hawa bakin rim. Ba ya faɗin yadda ta hau daga ƙarshe da wata ƙara da ta fito da maƙwabta, madara ta yi wa labule zane. Ba ya faɗin cewa abin yana bushewa, a zafin bazara cikin wata biyu ko uku, sai an buɗe an ƙara. Shi kansa mantawa yake yi. Ranar da ƙaya ta same shi, ya girgiza ƙafa bai ji motsin ruwa ba, sai wani dunƙulen roba yana ƙwal-ƙwal a ciki. Sai ka ga ya matso a hankali, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan'uwa, ko kana da tib na aro?"

Mai ado ba zai ɗauki lokaci ba. Sunan kamfani dole ya zauna daidai kan bawul, gefen taya ruwan ƙasa don ya dace da sirdi, kuma ko da wuƙa a wuya ba zai haɗa Maxxis a gaba da Schwalbe a baya ba, don rubutunsu ba launi ɗaya ba ne. Abu guda ne bai taɓa dubawa ba, 'yar kibiyar da take nuna inda taya za ta juya. Tasa ta gaba a juye take tun ranar da aka ɗaura. A hoto ba a gani.

Mai araha shi ne wanda dariyarsa take da ɗan ɗaci. Tayoyinsa na gwanjo ne, haƙora sun suɗe, roba ta bushe ta tsattsage. In ka yi magana ya ce ai ita ce mai gudun da kuke nema, kuma a miƙaƙƙiyar hanya ba ƙarya ya yi ba. Inda nake jin tsoronsa shi ne dabarar tattalinsa. Ya lura ta baya ta fi saurin ci, don ita take ɗauke da nauyi ita kuma take tura keke. To in ya sami sabuwa sai ya sa ta a baya, ya mayar da tsohuwa gaba ta ƙarasa kwananta. Ya juya abin ke nan. In ta baya ta zame, keke ya ɗan karkaɗa ya dawo, yara ma da gangan suke yi. In ta gaba ta zame, kafin ka ce Innalillahi kafaɗa ta riga ta gaisa da ƙasa. Saboda haka mai haƙora da laushi gaba take zama, mai gudu da tauri a baya, kuma ban da sakin iska, wannan ne iyakar sulhun da ake iya yi tsakanin buƙatun nan biyu. Kamfanoni ma haka suke tsarawa: Schwalbe ya yi Racing Ray don gaba da Racing Ralph don baya, masu Vittoria sukan sa Barzo a gaba Mezcal a baya, masu son gangare su sa Minion DHF a gaba su bi ta da Dissector ko Aggressor. Ka zayyana wa mai araha duk wannan, ya saurara da kyau, ya ce, "To nawa ce ta gaban?" Ka faɗa. Ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya kawai."

Sai mai rumbu, wanda ya yarda babu taya guda mai yin komai, ya yanke shawarar mallakar dukansu. Ɗakin ajiyarsa tayoyi ne rataye a ƙusa, kowace da lokacinta: ta farkon damina, ta marka, ta kaka, ta hunturu, da wata ta musamman don ranar da aka yi yayyafi da dare rana ta fito da safe. Daren Juma'a yana tsakar gida yana kallon gabas. In ya ga hadari ya cire masu gudu ya ɗaura na laka, da zubar da madara da wanke rim, har ƙarfe ɗaya na dare. Gari ya waye tas, ko ɗigo ba a yi ba. Ya fita kan busasshiyar ƙasa da dogayen haƙora, ya iso tare da sarkin haƙora suna jajanta wa juna.

Uwargida ta daɗe tana kallon ƙusoshin nan. Wata rana ta ce, "Maigida, don Allah keken nan naka ƙafa nawa gare shi?"

"Biyu mana."

"To na ƙirga goma sha huɗu."

Ya fara bayanin roba da zare da marka, ta ce ta gane. Sati na zagayowa hadari ya haɗu na gaske, ya shiga ɗauko Magic Mary, tayar lakarsa ta Schwalbe wadda sau ɗaya ta taɓa ƙasa, ya tarar da ƙusa wayam. Yana fitowa ƙofar gida ya hango autansa a layi da sanda a hannu, yana gare da ita. Yaron ya turo ta har gabansa, ya tsaya yana haki, fuska a murtuke.

"Baba, wannan ba ta gudu. Ka ba ni irin ta gidan su Sani, wadda ba ta da ƙuraje."